Baƙin Man Da Ya Dace Da Tsohuwar Mota

A ƙasar Tofa, da kaka ta yi, tsofaffin motoci ne ke kwasar gero da dawa zuwa kasuwar Dawanau. Daga cikinsu akwai Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Ranar da injin ɗaya ya buga, direba da manomi duka sun shiga uku.

Bakanikai sun ce injin da ya sha aiki ya riga ya saki jiki, saboda haka baƙin mai mai kauri yake so, irin wanda aka rubuta wa 20W-50 a jikin galan. Mai ruwa-ruwa na motocin zamani ne. In aka ɗura shi a tsohon inji sai ya riƙa zurarewa yana ƙonewa, mota tana tuƙa shuɗin hayaƙi.

Man da ake aunawa a kwalba a bakin hanya kuwa, sau da yawa juyen wata motar ne aka tace.

Filta ita ce aka fi rainawa. Ƙurar hunturu a hanyoyin Lambu da Yarimawa takan cika ta da wuri, sai datti ya koma cikin inji. Don haka duk ranar juye, a canza ta. Mai saye a Ƙofar Ruwa ya tafi da tsohuwar a hannu, a gwada bakinsu.