Amfani da Kwamfuresa da Limita Wajen Ɗaukar Kiɗa a Dandali

Ɗaukar kiɗa a situdiyo daban yake da ɗaukarsa a gaban jama'a. A situdiyo idan an yi kuskure sai a sake. A dandali kuwa, ko a wurin biki, makaɗi ba zai maimaita ba don mai ɗauka bai shirya ba. Babbar matsalar ita ce ƙarfin sauti ba ya tsayawa wuri guda. Mawaƙi zai sassauta murya har da ƙyar ake jin sa, can kuma sai 'yan amshi da ganguna su shigo gaba ɗaya. A wannan maƙala za mu duba na'urori biyu da ake amfani da su domin shawo kan wannan matsala, wato kwamfuresa da limita.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Aikin kwamfuresa shi ne ta danne duk sautin da ya wuce wata iyaka da mai ɗauka ya sa mata, gwargwadon kason da ya zaɓa. Alal misali, idan kason 4 ne bisa 1, kuma sauti ya wuce iyaka da desibel 8, to desibel 2 kawai zai fito sama da iyakar. Haka kuma ana saita mata saurin kamu da saurin saki, wato lokacin da take ɗauka kafin ta danne sauti da kuma kafin ta sake shi. Limita ita ma kwamfuresa ce, sai dai kasonta yakan kai 10 bisa 1 ko fiye, kuma kamunta yana da sauri ƙwarai. Wata shahararriya mai suna 1176, wadda Bill Putnam ya fitar a Amurka a 1967, har yanzu ana amfani da ita.

To, wacce ya kamata a kunna a lokacin ɗauka? A ganina limita kaɗai, ita ma a matsayin mai gadi. Dalili kuwa shi ne na'urar dijital tana da rufi, wato desibel sifiri. Sautin da ya taɓa wannan rufi zai fashe, kuma gyaransa yana da wuya. Amma sautin da kwamfuresa ta matse a lokacin ɗauka shi ma ba ya komawa yadda yake. Mai karatu ya yi la'akari da kalangu. Daɗinsa yana cikin dukan farko, lokacin da makaɗi ya sauka a kan fata. Idan kamu ya yi sauri da yawa, wannan duka ne za a fara dannewa, sai a ji kalangun ya zama kamar ana buga kwali. Bugu da ƙari, makirufon mawaƙi ba muryarsa kaɗai yake ji ba, yana jin lasifika da hayaniyar jama'a. Duk lokacin da mawaƙi ya yi shiru kwamfuresa ta saki, sai hayaniyar ta taso, in ya ci gaba ta koma, kamar ɗakin yana numfashi.

A zamanin kaset akwai hujjar matse sauti tun farko, domin duk abin da aka ɗauka a hankali yakan nutse cikin ƙarar kaset ɗin. Yanzu abin ya canza. Faifan CD mai bit 16 yana da faɗin desibel 96, ɗauka da bit 24 kuwa a lissafi tana kaiwa 144. Saboda haka sai a rage ƙarfin shiga tun lokacin gwaji, a roƙi makaɗa su buga da iyakar ƙarfinsu, a bar ratar desibel 12 ko fiye ƙasa da rufi. Lura dai, makaɗa sukan ƙara ƙarfi idan taro ya yi zafi, musamman in an fara liƙi. Matsewa kuma a bar ta sai an koma kan kwamfuta, inda za a iya gwadawa a warware.

Wani abin lura shi ne, a wasu ƙananan na'urorin hannu limita tana aiki ne bayan an mayar da sauti dijital, don haka in ya fashe a ƙofar shiga ba abin da za ta iya. A 2019 kamfanonin Zoom da Sound Devices sun fitar da na'urori masu ɗauka da bit 32, waɗanda ake iya rage sautin da ya wuce rufi daga baya ba tare da ya lalace ba. Duk da haka makirufo yana da iyakar ƙarar da zai iya ɗauka, saboda haka a ɗan ja shi baya daga bakin kakaki ko algaita.