Karela, ɗan'uwan garahuni: abin da bincike ya gano

Duk wanda ya san garahuni, ganyen nan mai ɗaci da ke hawa danga da damina, ba zai yi wa karela kallon baƙo ba. Dangi ɗaya ne, kuma su biyun 'yan gidan su kabewa da kankana ne. Sai dai 'ya'yan karela sun fi girma, dogaye ne masu ƙuraje a jiki, kuma a Asiya nomansa ake yi a gona kamar yadda muke noman kuɓewa. Karela sunansa ne a Indiya. A Filifin ana ce masa ampalaya, a tsibirin Okinawa na Japan kuwa goya. Masana suna kiransa Momordica charantia. Binciken ƙwayoyin halittarsa da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa a Kudancin Asiya aka mai da shi amfanin gona, kimanin shekara 6,000 da suka wuce, alhali asalin danginsa daga Afirka yake.

Shuka ce mai son zafi. Ɓawon irin yana da tauri, don haka manoma kan jiƙa shi kafin shuka. Idan ya fito sai a kafa masa rumfa ya hau, domin ɗan da ya kwanta a ƙasa yakan lanƙwashe ko ya ruɓe. Bayan kamar wata biyu ake fara tsinka, tun yana kore. Idan aka bar shi ya nuna, sai ya koma ruwan lemo ya tsage, ya fita daga abin kai wa kasuwa.

Abu biyu ne suka fi cin lokacin masu bincike a fannin noman. Na farko shi ne fure. Gindi ɗaya yana fitar da fure namiji da fure mace, amma mazan sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma matan ne ke zama 'ya'ya. Cibiyar binciken aikin gona ta Indiya da ke Delhi ta samar da nau'ikan da kusan duk furensu mata ne, ana haɗa su da wasu don a sami iri mai yawan yabanya. Na biyu shi ne cuta da ƙwari. Akwai wani ƙuda da ke huda ɗan ya zuba ƙwai a ciki, tsutsa ta cinye shi. Ana yaƙarsa da tarko mai ƙamshin da ke jawo mazan ƙudan, ko a sa wa kowane ɗa jakar takarda tun yana ƙarami. Cibiyar Kayan Lambu ta Duniya, mai hedikwata a Taiwan, ta daɗe tana aiki a Tailan kan nau'ikan da ke jure fumfunar da ke fesa wa ganye fari kamar gari.

A matsayin abinci, babu gardama a kansa. Giram 100 na ɗanyen karela yana ɗauke da bitamin C kusan miligiram 84, fiye da na lemon zaƙi, kuma ba ya sa ƙiba. Masu dafa shi kan yanka, su barbaɗa gishiri, su matse ruwan don ɗacin ya ragu.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne maganar ciwon suga, wadda ita ce ta ɗaga sunansa. Gaskiya ne akwai sinadarai a cikinsa da ke taɓa sugan jini. A 2008 masana daga Cibiyar Garvan ta Ostareliya da abokan aikinsu na Shanghai sun nuna cewa wasu daga cikinsu suna taimaka wa tsoka ta janye suga daga jini. Amma a ƙwayoyin halitta da ɓeraye aka ga hakan. Da aka zo kan mutane, sakamakon bai kai yadda ake yayatawa ba. A wani gwaji da aka wallafa daga Tailan a 2011, masu ciwon suga sun sha miligiram 2,000 na garin karela kullum har mako 4. Sugan ya ɗan sauka, amma bai kamo aikin metformin ba, maganin da likitoci suka saba bayarwa. A 2012 ƙungiyar Cochrane ta tace gwaje-gwaje 4 da suka shafi mutum 479, ta ce hujjar ba ta isa a ba da shawarar shansa a matsayin magani ba. A garin Moshi na Tanzaniya kuma an gwada shi kan mutum 52 da sugansu ya fara hawa amma ciwon bai kama su ba, aka ga 'yar raguwa a sugan da ake aunawa da safe kafin karin kumallo. An wallafa wannan a 2018.

A ganina karela kayan miya ne mai kyau da ka iya ɗan tallafa wa mai fama da suga, amma mai ajiye maganin asibiti saboda shi yana wasa ne da idanunsa da ƙodarsa. Kuma duk waɗannan gwaje-gwaje a kan karela aka yi su, kada a ɗora sakamakonsu kan garahuninmu kai tsaye.

Wanda ke shan maganin suga ko yake allurar insulin, idan ya haɗa da ruwan karela sugansa na iya faɗuwa ƙasa sosai, don haka ya fara gaya wa likitansa. An taɓa samun yaran da suka suma bayan an ba su shayinsa. Mai juna biyu ta nisance shi, domin gwaji a dabbobi ya nuna yana jawo ɓari. Ƙwayar cikinsa kuma tana da sinadarin da ke iya fasa jajayen ƙwayoyin jini ga masu ƙarancin G6PD, larurar gado da ta yawaita a Najeriya, musamman a tsakanin maza.