Lahanin Gado a Kajin Gida: Abin Lura Ga Mai Sayen Iri

Gabatarwa

A Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, irin su Kagoro da Zonkwa da Kwoi, da wuya ka shiga gida ba ka tarar da kaji ba. Su ne asusun uwargida: kuɗin makaranta, da na magani, da naman Kirsimeti ko na Sallah. Sai dai sau da yawa mutum kan sayi ƙosasshen zakara a kasuwa don gyara iri, bayan wata biyu sai ga 'yan tsaki masu lahani. Wannan maƙala za ta yi bayanin dalilin haka, da yadda za a kauce masa.

Yadda gado yake tafiya

Bahaushe ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kimiyya ma ta yarda, amma ta ƙara bayani. Tun a 1866 Gregor Mendel ya nuna cewa kowace siffa tana da ƙwayoyin gado biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa, kuma wata ƙwayar kan ɓuya a bayan 'yar'uwarta. Don haka zakara yana iya zama lafiyayye a ido alhali yana ɗauke da lahani. Lahanin ba ya fitowa sai ya haɗu da kaza mai ɗauke da irinsa. Wannan kuwa ya fi faruwa a gidan da zakara ɗaya ya shekara uku yana bin 'ya'yansa da jikokinsa.

Kazar nan mai murɗaɗɗen gashi da ake kira fingi misali ce mai kyau. Idan aka haɗa fingi da fingi, kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan tsakin kan fito da gashi mai saurin karyewa, har su zama kamar an fige su, sanyin hunturu ya wahalar da su. Idan kuwa aka haɗa fingi da mai kwantaccen gashi, wannan matsala ba ta tasowa. Haka nan a wasu kaji masu gajerun ƙafafu na Japan da Sikotilan, haɗa biyu masu wannan siffa kan sa kashi ɗaya cikin huɗu ya mutu tun a cikin ƙwai, kafin cikar kwana 21. Baki mai saɓani kamar almakashi da karkataccen bindi su ma sukan bi jini.

Ba kowane lahani ne gado ba

Nan ne masu kiwo da yawa suke yin asara, su yanka zakaran da ba shi da laifi. Nannaɗewar yatsun ɗan tsako kan zo daga ƙarancin sinadarin bitamin a abinci. Murɗewar wuya kuma kan biyo bayan cutar Niyukasil mai kashe kaji lokacin hunturu, wadda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom take yin rigakafinta. Alamar gado ita ce lahani iri ɗaya ya yi ta maimaituwa a ƙyanƙyasa bayan ƙyanƙyasa daga iyaye ɗaya, ko da an gyara abinci.

Matakan da suka dace

Na farko, a sayi iri a inda za a ga iyayensa da 'yan'uwansa. Na biyu, a keɓe sabuwar kaza mako biyu kafin a haɗa ta da sauran. Na uku, a riƙa musayar zakara da wani ƙauye duk shekara. Na huɗu, mai lahanin gado a kai ta tukunya, kada a bar ta ta yi iri. Wanda yake son ingantaccen iri kuma, akwai Shika Brown, kazar ƙwai da cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ta samar. Amma a sani, 'ya'yan irin waɗannan haɗaɗɗun kaji ba lallai su gaji yawan ƙwan iyayensu ba.

Kammalawa

Kazar gida tana da juriya, tana kwanci, tana renon 'ya'yanta da kanta. Wannan ma gado ne, kuma mai kiwon da ya san zuriyar abin da ya saya shi ne zai iya riƙe shi.