Mazaunin Inji: Katakon da Ke Riƙe da Rayuwar Masunci

[Kiɗan buɗe shiri]

Shirinmu na musamman na yau ya gangara bakin Kogin Kaduna ne, daga Rafin Guza zuwa Malali, Unguwar Rimi, har Kabala Doki. Gaisuwa ta musamman ga Sarakunan Ruwa, da masunta, da kafintocin da ke sassaƙa jiragen ruwa.

Maganarmu a kan wani katako ce guda ɗaya, wanda ke can gindin kwale-kwale, inda ake ɗaura inji. Shi ne mazaunin inji. Yaushe ya kamata a cire shi? Yaya ake sa sabo? Kuma me ya sa sakaci da shi ke iya cin rai?

[Sautin ruwa da bugun filafili]

Kogin nan namu daga tsaunukan Filato ya taso. Ya ratsa garin Kaduna, ya wuce Shiroro da Zungeru, sannan ya faɗa Kogin Neja daura da Pategi. Kogi ne mai fuska biyu. Da rani yakan janye har duwatsu su fito fili, yaro ma ya taka ya haye a wasu wurare. Da damina kuwa, musamman watannin Agusta da Satumba, sai ya cika ya batse, ya zo da jan ruwa da kututturan itace. Mutanen Kabala da Unguwar Rimi sun san wannan, domin ambaliya ta sha shiga musu gida.

Yawancin masuntan cikin gari da filafili da gora suke tuƙi, su jefa birgi ko su shimfiɗa taru, su kamo tarwaɗa da karfasa. Amma wanda zai yi nisa, ko zai ɗauki kaya, ko zai hau ruwa yana fuskantar igiyar ruwa, sai da inji. Irin wanda aka fi sani a ruwayenmu shi ne Yamaha mai ƙarfin doki 15 ko 40. Mai doki 15 nauyinsa ya haura kilo 30, mai doki 40 kuwa ya kai kimanin kilo 70. Duk wannan nauyi, da girgizarsa, da turin da farfela ke yi, a kan wancan katako guda suke sauka.

Akwai kuma ƙaramin inji mai aiki da batir, wanda wani mutum mai suna O. G. Schmidt ya ƙera a Amurka a 1934, aka san shi da sunan Minn Kota. Ba shi da ƙara, don haka ba ya korar kifi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai sana'ar da ke shan mai yana da dalilin duba irin wannan inji, tunda ana iya cajin batirinsa da hasken rana. Sai dai ko na mai ne ko na batir, hukuncin ɗaya ne: inji ba ya fin mazauninsa ƙarfi.

[Kiɗa kaɗan]

To, ta yaya za ka gane mazauni ya gaji? Malam masunci, ɗauki sukurdireba ka soka a jikin katakon, kusa da ramukan ƙusoshi. Idan ta nutse ba da wahala ba, ciki ya ruɓe, ko da waje na sheƙi. Ƙwanƙwasa shi da guduma: katako mai lafiya amonsa a tsaye yake, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a dushe. Duba ko tsatsa na zubo jan ruwa daga kan noti. Sannan ka kama ƙafar injin ka jijjiga. In katakon ya motsa tare da shi, kada ka sake shiga ruwa da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a jirgi ramin ƙusa ne tsagar da ruwa ke bi ya cinye katako daga ciki.

Aikin cirewa a tudu ake yinsa. A jawo jirgin waje, a tokare shi ya zauna daram. A rufe mai, a cire tiyo. In na batir ne, a fara kwance baƙar waya kafin ja. Mutum biyu ne ke sauke inji, ba mutum ɗaya ba. A jingina shi a tsaye, kai sama, farfela ƙasa, domin idan farfela ta fi kai tudu, ragowar ruwan da ke ciki zai gangara cikin injin ya lalata shi.

Daga nan sai notuna. Waɗanda tsatsa ta kama a jiƙa su da baƙin mai ko kananzir, a ba su lokaci. Wanda ya ƙi kwancewa a yanke shi da zarto. Kada a sa ƙarfe a ɓanɓare, domin garin ceton ƙusa ta 'yan kuɗi kaɗan sai a tsaga jikin jirgi gaba ɗaya. Idan tsohon katako ya fita, kada a jefar da shi tukuna. Da shi za a auna sabo. A kankare wurin, a bar shi ya sha rana ya bushe sarai. Tsofaffin ramuka kuwa a toshe su da turakun katako da gam ko kwalta.

Wajen zaɓen sabon katako ne kafinta na gari ke bambanta da mai gaggawa. A nemi itace mai tauri irin maɗaci ko kirya, wanda ya bushe, mai kaurin da bai gaza inci biyu ba. Ɗanyen katako zai ƙanƙance in ya bushe, notuna su saki. A shafe shi da fenti ko kwalta ta kowace fuska, har cikin ramukan da aka huda. Kuma ranka ya daɗe, ƙusar bugawa ba ta riƙe inji. A yi amfani da ƙusa mai noti wadda ba ta tsatsa, ta ratsa katako ta fito ta ɗaya gefen, a sa mata faffaɗan washa ko farantin ƙarfe ta ciki, don kada notin ya nutse cikin itace. A ɗaure su bi da bi, kaɗan-kaɗan, har su yi daidai.

Tsayi ma abin lura ne. Akwai wani faffaɗan ƙarfe a saman farfela. Shi ya kamata ya yi daidai da ƙasan jirgi. In mazauni ya yi sama, farfela za ta riƙa shaƙar iska, inji ya yi ta kuka ba gudu, kuma ruwan da ke sanyaya shi ya yanke. In ya yi ƙasa, duwatsun Kogin Kaduna na nan na jira, ga kuma ƙarin shan mai. Bayan an ɗora inji, a ɗaure shi da sarƙa ko igiya mai ƙarfi a jikin jirgi. A gwada shi kusa da gaɓa, babu kaya babu fasinja, a tabbatar yana fitar da ruwan sanyaya, sannan a sake bin notunan da sifana bayan fitar farko.

[Sautin tashin inji]

Masu saurare, me ya sa muka tsaya a kan wannan har haka? Domin jirgin da injinsa ya ɓalle a tsakiyar ruwa mai gudu, nan take yake juya gefe, igiyar ruwa ta buge shi. Ƙasar nan ta sha kuka a kan ruwa. A watan Nuwamban 2021 jirgi ya kife a Bagwai ta Jihar Kano, yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Pategi suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kowane haɗari da nasa sanadin, amma lodi fiye da ƙima, da tafiyar dare, da jirgin da aka ƙi gyarawa, duk abubuwa ne da ke hannunmu.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa tana da nata aikin na dubawa da tilasta sa rigar ruwa. Amma babu jami'in da ya san jirgi kamar mai shi. Don haka muna roƙon Sarakunan Ruwa su sa ya zama al'ada: kowace shekara, kafin ruwan farko ya sauka, a jawo jirage tudu a duba mazaunin kowane inji, kuma manya su koya wa samari yadda ake yi. Kuɗin katako da notuna bai kai ko kusa da kuɗin inji ba, balle ran mai gida da iyali ke jira.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya tsare mu a ruwa da tudu, Ya sa albarka a sana'a. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.

[Kiɗan rufe shiri]