Gidan Musar na Labanan da Hanyar Kwarin Bika'a

Mutane da yawa suna ɗaukan giyar inabi a matsayin abin da Turawa suka ƙirƙiro, alhali wannan zato ba shi da tushe ko kaɗan, domin masu binciken kayan tarihi sun gano alamun sarrafa ta a ƙasar Jojiya tun kimanin shekaru 6000 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Finisiyawa, wato tsofaffin mazauna gaɓar tekun Labanan, sun yi fataucinta a jiragen ruwa tun Faransa ba ta san kurangar inabi ta noma ba. Musulunci ya haramta ta, amma Kiristocin Labanan sun ci gaba da sana'ar, kuma daga cikinsu ne iyalin Hochar suka fito.

A shekarar 1930 Gaston Hochar ya kafa Château Musar a garin Gazir da ke arewa da Bairut, ɗansa Serge kuwa, wanda ya yi karatun sana'ar a Bordo, ya karɓi aikin a 1959. Abin da ya bambanta gidan shi ne wurin matsar inabin yana Gazir, gonakin kuma suna can Kwarin Bika'a, a tudun da ya kai kusan mita 1000, inda sanyin dare ke hana 'ya'yan nuna da gaggawa, don haka dole kowace kaka a ɗora amfanin a manyan motoci a tsallaka da shi Dutsen Labanan. Wanda bai san inabi ba zai ɗauka wannan ƙaramar matsala ce, sai dai da zarar 'ya'yan sun fashe cikin zafi, ƙwayoyin yisti da ke jikin ɓawonsu sukan fara mayar da zaƙin ya zama barasa, wato tsimuwa, kuma tsimuwar da ta fara a bayan mota babu mai iya sarrafa ta.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1975, wannan hanya ta cika da shingayen mayaƙa. A 1976 ba a yi giya ba sam, a 1984 kuma motocin sun yi kwanaki suna kewaye har inabin ya fara tsimuwa kafin ya iso, amma a sauran shekarun yaƙin direbobi da masu tsinka sun kai amfanin gida, kuma su ne tarihin gidan ya fi cancanta ya tuna, ko da yake ba a cika ambatonsu ba.

Saboda yaƙin, kasuwar cikin gida ta mutu, sai Serge ya nufi Ingila, inda baje kolin Biristol na 1979 ya fito da sunan gidan, mujallar Decanter kuma ta ba shi lambar gwarzon shekara a 1984. Ya rasu a Meziko a ƙarshen 2014, kuma har yau gidan yana hannun zuriyar Hochar.