Rawar Tsoka: Kafin Ka Sayi Ƙwayar Maganiziyam

Idan fatar ido ta yi rawa, mukan ce baƙo na tafe. Amma idan sharaɓarka ce ke motsi da kanta cikin dare, bayan ka wuni a tsaye a kasuwar Oyingbo, sai hankali ya tashi. Mutanenmu da yawa yanzu maganiziyam suke tambaya a kantin magani.

Galibi gajiya ce, da ƙarancin barci, da gumin Legas, da yawan kofi. Fara da ruwa da hutu. Maganiziyam ɗin ma yana cikin gyaɗa, wake, gero da alayyahu, duk ga su a kasuwar.

In za ka sha ƙwayar, duba lambar NAFDAC, kada ka wuce miligiram 350 a rana, don tana sa gudawa. Mai ciwon ƙoda kada ya taɓa ta sai da izinin likita. Kada a haɗa ta lokaci guda da ciprofloxacin, tana rage masa ƙarfi.

Jiƙa ƙafa a ruwan gishirin Epsom kuwa, a ganina ɗumin ruwan ne ke aikin. Mai ciwon suga ya haƙura da shi.

Idan rawar ta zo da raunin hannu ko ƙafa, asibiti za ka nufa.