Gayyar Masu Linux da Al'adun da Suka Riƙe Ta

Wayar Android da ke aljihun mai awon riɗi a Achilafiya, da wadda ɗalibi ke karatu da ita a Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure, duk a kan Linux suke tafiya, wato ƙwayar manhajar da ke sa allo da batir da kyamara su yi aiki tare. Linus Torvalds ne ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finland, a 1992 kuma ya sanya ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya yarje wa kowa ya karanta rubutun tushenta, ya gyara, ya raba, muddin zai saki gyaran nasa a buɗe. Yau rubutun ya haura layi miliyan 30. Mutane da yawa na zaton sakewar nan ce ta raya shi. A ganina al'adun masu kula da shi ne suka riƙe shi, domin abin da aka ce na kowa ne, in ba mai tsare shi, lalacewa yake yi.

Manomin ƙasar Kazaure ya san gayya ba ta yiwuwa da hayaniya kawai. Kowa da kunyar da zai bi, akwai kuma dattijo a baya yana duba wanda ya tsallake ciyawa. Haka jama'ar Linux suke. A cikin rubutun akwai kundi mai suna MAINTAINERS, wanda ya lissafa kowane sashe da sunan mai kula da shi: wannan na sauti, wancan na intanet, wani na ma'ajiyar bayanai. Wanda ya ga kuskure yakan rubuta ɗan gyara, abin da suke kira faci, kuma al'ada ta ce faci ɗaya matsala ɗaya, tare da bayanin dalilinsa. A ƙarshensa sai ya ƙara layi guda na sa hannu, shaidar cewa yana da haƙƙin ba da aikin, ƙa'idar da aka kafa a 2004. Mai kula da sashen zai duba a bainar jama'a, sau da yawa ya mayar a sake, in ya gamsu ya sa nasa hannun ya miƙa gaba. Kamar dai yadda magana ke tashi daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, kafin ta isa fada, haka faci ke hawa har wurin Torvalds.

Suna da kalandarsu kamar ta damina. Makonni biyu ake buɗe ƙofar karɓar sababbin abubuwa, sannan a rufe, a shafe kimanin makonni bakwai ana gwaji da gyara kawai, kafin sabon zubi ya fito. Greg Kroah-Hartman da abokan aikinsa kuma suna ci gaba da kai gyara ga zubin baya da jama'a ke amfani da su. Kundin tarihinsu shi ne Git, wanda Torvalds ya ƙirƙira a 2005, mai adana wanda ya canja kowane layi da lokacin da dalilin. Babbar dokarsu kuwa ita ce kada gyara ya ɓata wa mai amfani abin da jiya yake masa aiki; in ya ɓata, akan janye shi komai kyansa.

Wani zai ce wannan ba gayya ba ce, tunda yawancin masu aikin albashi suke karɓa daga kamfanoni irin su Intel da Google da Red Hat. Gaskiya ne. Amma albashi ba ya saya wa faci kujera. Na babban kamfani ma akan mayar da shi in bai cika ƙa'ida ba, kuma abin da ya shiga ya zama na kowa, har da abokin gasarsa. Wani kuma zai ce manyansu suna da kaushin harshe. Wannan ma ya faru, har a 2018 Torvalds ya nemi afuwa, ya ɗan janye jiki, aka kuma kafa dokar ladabin mu'amala. Al'adar da ke iya tsawata wa babbanta ba ta mutu ba.

Ƙorafi mafi nauyi shi ne buɗaɗɗiyar ƙofa na iya shigo da mugu. A 2020 wasu masu bincike na Jami'ar Minnesota sun gwada turo faci masu aibi da gangan, a 2021 kuma jama'ar suka dakatar da karɓar aikin jami'ar, suka sake bin gudummawarta ta baya ɗaya bayan ɗaya. A 2024 injiniya Andres Freund ya gano ɓoyayyar kafa da aka dasa a xz, wata ƙaramar manhaja da ke tafiya tare da Linux, bayan aikin ya yi wa mai kula da ita guda ɗaya yawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan ƙarancin masu dubawa ce. Shi ya sa matashin Roni ko Gwiwa ko Ɓaɓura da ke koyon kwamfuta zai fi amfanar gayyar nan in ya soma da karanta aikin wasu, ya gyara kuskure ɗaya, ya jure a mayar masa da shi har ya yi daidai. Ta haka amana ke ginuwa a wurinsu, kuma da ita ake ba mutum riƙon sashe.